Ɗakin ya yi sanyi, amma laima ta hana mu sakat

Ɗakin taro ne mai ɗaukar mutum 120, kuma lissafin nauyin zafinsa, wato yawan zafin da na'urar sanyaya ɗaki za ta kwashe, bai ba ni wata wahala ba. Na haɗa zafin rana da ke shiga ta rufi da tagogi, da na fitilu, da na jikin mutane, wanda ga mai zaune yana aiki yakan kai kusan wat 75 na zafin da ma'auni ke gani, da kusan wat 55 da ke fita a tururin numfashi da gumi. Na ƙara iskar waje bisa ƙa'ida mai lamba 62.1 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, wato lita 2.5 a daƙiƙa ga kowane mutum da lita 0.3 ga kowace murabba'in mita. Jimillar ta tsaya a kusan kilowat 35, wato tan 10 a ma'aunin ƙarfin sanyayawa, tunda tan ɗaya daidai yake da kilowat 3.5. Na rubuta a zane cewa a girka na'urori biyu masu tan 5 kowacce, domin na san ba kullum ɗakin zai cika ba.

Abin da aka girka shi ne na'ura guda mai tan 20, kuma sai da ta hau rufi na sami labari. Ɗan kwangila ne ya shawo kan mai ginin da cewa a harkar sanyi yawa ba ya ɓata komai, shi kuma mai ginin ya ce mini, "Injiniya, gara ya yi yawa da a ce baƙi sun yi gumi." Na yi masa bayani iya iyawata, amma kuɗi sun riga sun fita.

Da aka shiga lokacin da iskar waje ke ɗauke da danshi, sai ƙorafi ya fara zuwa. Ma'aunin zafi yana nuna digiri 22, amma masu zama a ciki suna cewa jikinsu yana danƙo, takardu suna laushi, ga warin funfuna da ke tarbar duk wanda ya buɗe ƙofa da safe. Na auna laima, wato danshin iska, na tarar da ita kusan kashi 75 cikin ɗari, alhali abin da ake nema tsakanin 40 da 60 ne. A wannan yanayi, duk abin da zafinsa ya gaza digiri 17 zai tara raɓa, iskar da na'ura ke hurowa kuwa tana fita a kusan digiri 13. Shi ya sa bakunan iska na ƙarfe suke ɗigar ruwa a kan kujeru, allunan silin kuma suka yi tabo baƙi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, dalilin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta cire ruwa daga iska sai bututun sanyin da ke cikinta ya yi sanyi sosai, ya jiƙe, ruwan ya taru har ya fara gangarawa zuwa magudana, wannan kuwa yana buƙatar kwamfireso, injin da ke sanyaya bututun, ya yi ta aiki na tsawon lokaci ba tare da yankewa ba. A ranakun da mutum goma sha ne kawai a ɗakin, na'ura mai tan 20 tana sauke zafin cikin 'yan mintoci, ma'auni ya gamsu, kwamfireso ya tsaya tun ruwan bai bar bututun ba. Sannan an bar fankar tana juyawa ba tsayawa, saboda haka ɗan ruwan da ya taru sai ya koma tururi ya dawo ɗakin, ita kuma ƙofar iskar waje tana buɗe kamar mutum 120 ne a ciki, tana zuba sabon danshi babu mai kwashe shi. Wanda ya ce yawa ba ya ɓata komai bai yi la'akari da cewa tun asali saboda laima aka ƙirƙiri wannan fasaha ba: a 1902 Willis Carrier ya zana tsarinsa ne domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, inda danshi ke kumbura takarda har launuka su kasa dacewa da juna.

Gyaran ya ci kuɗi fiye da abin da na'urori biyun farko za su ci. Mun saita fankar ta riƙa tsayawa tare da kwamfireso, mun rage gudun iska daga CFM 400 (ƙafa kubik na iska a minti) ga kowane tan zuwa kusan 350 domin bututun ya ƙara sanyi, muka haɗa ƙofar iskar waje da ma'aunin iskar kabon da mutane ke fitarwa da numfashi, ta yadda ba za ta buɗe sosai ba sai ɗakin ya cika. Duk wannan ya sauke laimar kaɗan ne kawai. Sai da aka sayo wata na'ura dabam mai tsotse danshi daga iskar waje kafin ta shiga, aka kuma sauya allunan silin da rufin bututun iska da funfuna ta cinye, sannan ma'auni ya sauka ƙasa da 60 ya zauna.

Tun daga wannan aiki nake yin lissafi biyu ga kowane ɗaki da yawan mutanensa ke hawa da sauka, ɗaya na ranar da ya cika maƙil, ɗaya na ranar da kusan babu kowa kuma iskar waje ta fi danshi, kuma na biyun ne ya fi gaya mini irin na'urar da ta dace. Inda kuɗi suka isa ina zaɓar kwamfireso mai rage gudu da kansa, inda ba su isa ba ina raba nauyin gida biyu. Haka kuma ina sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a sauya girman na'ura ba sai da sa hannuna, domin waccan mai tan 20 tana nan a kan rufi, tana kunnuwa tana mutuwa sau da yawa a awa guda, kuma irin wannan aiki yana gajarta wa kwamfireso kwana.