Abin da murabus ɗin Kim Darroch ya koya mini game da rahoton sirri

Daga cikin jakadun da muka nazarci tarihin aikinsu a darasin hulɗar ƙasa da ƙasa, babu wanda labarinsa ya tsaya mini a rai kamar Sir Kim Darroch na Birtaniya. Ya shafe fiye da shekara 40 yana aikin gwamnati, ya wakilci ƙasarsa a Tarayyar Turai daga 2007, ya zama mai ba Firaminista David Cameron shawara kan tsaron ƙasa daga 2012 zuwa 2015, sannan aka tura shi Amurka a matsayin jakada a 2016.

A watan Yulin 2019 jaridar Mail on Sunday ta wallafa saƙonnin sirri da ya riƙa aika wa Landan, inda ya bayyana gwamnatin Donald Trump a matsayin wadda ba ta iya aiki ba, kuma rikici ya yi mata katutu. A ganina bai yi laifi ba, domin ainihin abin da ake biyan jakada ya yi ke nan, wato ya faɗa wa waɗanda suka aike shi abin da idonsa ya gani, ko da ba zai yi musu daɗi ba. Jakadan da yake shafa wa rahotonsa zuma don tsoron kada ya fito fili, ya bar shugabanninsa suna yanke hukunci cikin duhu.

Sai dai abin da ya biyo baya ne ya fi buɗe mini ido. Trump ya ce ba zai ƙara hulɗa da shi ba, aka kuma janye gayyatar da aka yi masa zuwa liyafar karrama Sarkin Katar. Firaministar Birtaniya ta wancan lokacin, Theresa May, ta mara wa Darroch baya, amma Boris Johnson, wanda ake sa ran zai gaje ta, ya ƙi fitowa fili ya kare shi a muhawarar talabijin da ya yi da abokin takararsa Jeremy Hunt. Washegari, 10 ga Yuli, Darroch ya ajiye aiki.

Nan na fahimci cewa gaskiyar ma'aikaci ba ta wadatar da shi, sai in akwai amana a hanyar da rahotonsa yake bi, kuma na sama da shi a shirye yake ya tsaya masa ranar da ƙura ta tashi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan jami'an da suka ga abin da ya sami babbansu, waɗanda da wuya hannunsu bai yi rawa ba lokacin da suka zauna rubuta nasu rahoton.