Lahadi, 2 ga Fabrairu 2025: na ƙarƙashin rumfarmu bai fito ba

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. Na haɗa shayi, na ja bargo na zauna gaban talabijin, domin yau ce ranar da mutanen jihar Pensilbaniya ta Amurka ke tambayar dabba labarin sanyi. Tun cikin dare dubban mutane suka taru a wani tudu da ake kira Gobbler's Knob, a gefen garin Punxsutawney, bakinsu na fitar da tururi, suna kiran sunan Phil, wato dabbar da za a tambaya, wadda ake kira groundhog da Turanci. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci wasu dattawa sanye da baƙaƙen kwat da dogayen huluna suka ciro shi daga cikin kututture, suka ɗaga shi sama. Sai aka karanta sanarwa: ya ga inuwarsa, saura mako shida na hunturu. Jama'a suka ɗau ihu, wasu na murna, wasu na takaici.

Tun 1887 ake hawa tudun nan. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa wannan jiha ne suka zo da al'adar. A can gida wata dabba mai kama da dage suke dubawa a wannan rana ta bikin kyandir na coci, da suka iso nan sai suka ɗora wa groundhog aikin.

Ni hankalina yana kan wani daban. A bayan gidan da muke haya akwai rumfar katako ta ajiye kayan aiki, ƙarƙashinta kuma akwai rami mai baki biyu. Mai ramin shi ma groundhog ne, ɗan'uwan kurege, amma ya fi kurege girma nesa ba kusa ba, ga gajerun ƙafafu, ga ƙiba. A watan Yuli na sha ganinsa da safe ya tsaya da ƙafa biyu yana leƙe-leƙe, in ya tsorata ya yi fito mai kaifi ya faɗa rami. Ya cinye mini alayyahu da ganyen wake tas. Ranar na ji ciwo ƙwarai, don daga gida aka aiko mini da irin. Mai gidan ta so a ɗana masa tarko, na roƙe ta a bar shi, muka kewaye lambun da waya muka binne gindinta cikin ƙasa.

Da hantsi na sa takalmin ƙanƙara na je na tsuguna a bakin ramin. Busassun ganye sun toshe shi, babu sawu ko ɗaya. Tun Oktoba yake ciki. Zuciyar da ke bugawa kusan sau 80 a minti takan sauka zuwa kamar 5, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, yana rayuwa da kitsen da ya tara, har da na alayyahuna. Na daɗe a wurin ina tasbihi. Taku biyu daga tagar kicin ɗinmu, rai yana kwance wata huɗu ba ci ba sha, Allah yana riƙe da shi.

Bayan azahar na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Ikon Allah! To ai mu ma in shamuwa ta sauka a kan tsamiya, Babanku sai ya fara gyaran fartanya." Na ce, "Haka ne, Inna." Ta ƙara da cewa ruwa da sanyi duk na Allah ne, amma mai jira ba ya rasa abin dubawa. Ta tambaye ni ko ina rufe kirjina da kyau, ta ce su ma hazo ya rufe gari, yara duk leɓe ya tsage.

Kafin magariba na sake leƙawa ta taga. Ganyen na nan yadda na bar su. Na fito da sauran irin alayyahu daga cikin gwangwani na duba, bai lalace ba.