Kututturen da muka tsamo daga rafinmu

Ambaliyar 2022 ta same mu shinkafa ta fara fitar da kai. Garinmu yana ƙasa da Haɗejiya, a bakin wani rafi da ke ɓallewa daga Marma, hannun kogin nan da ke tafiya har tafkin Nguru. Da ruwa ya janye muka zagaya muka ga abin da ya bar mana. Yashi ya toshe bakin rafin, giyayya da gabaruwar da ya tuge sun kwanta a ciki, ledoji da karan dawa da mushen dabbobi sun maƙale a rassansu. Kachala kuwa, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, dama tana nan, sai ta ƙara samun wurin zama.

Wanda bai zauna a yankinmu ba ba zai gane ƙiyayyar da ke tsakaninmu da ciyawar nan ba. Iyayenmu sun ce da can kogi kan cika da damina ya ƙafe da rani, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, irin wanda kachala ke so. Takan tare ruwa, laka ta kwanta, rafi ya cike, idan babban ruwa ya zo ya rasa hanya ya faɗa gonaki. A cikinta kuma tsuntsun jan baki ke kwana ya wayi gari a kan hatsinmu.

Aka kafa kwamiti a ƙofar gidan Bulama, aka ba ni riƙon littafi saboda ina koyarwa a firamare. Manoma suka ce a ɗauko katafila ta share komai. Wasu suka ce da wane kuɗin? Ga kuɗin haya kullum, ga babbar motar da za ta kawo ta, ga litar dizal da ta haura naira 700, mu kuma amfanin gonarmu yana ƙarƙashin laka. Karo-karon ma ya faɗo a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai sayar da akuya ya rasa takardar da za a miƙa masa. Wani dattijo ya ce kuɗin nan da iri da man injin ban ruwa aka saya da su, da sun fi amfani. Aka yi masa ca.

Bayan an tashi Sarkin Ruwa ya riƙe ni. Ya ce, “Malam, kachala ku sare ta, ni ma da laujena zan shiga. Yashin bakin rafi ku kwashe. Amma itatuwan da ke kwance a kwanar can ku bar su. Su ke riƙe da gaɓa, a ƙarƙashinsu tarwaɗa ke fakewa.” Na ce, “To Baba, za a duba.” Ban duba ba. A raina na ɗauka kifinsa yake karewa, tunda an daɗe ana ƙorafin cewa dumba, shingen kama kifin da masunta ke gittawa, ita ma tana tare ruwa.

Gaskiya katafilar ta yi aiki a bakin rafi. Cikin kwana biyu ta buɗe abin da za mu yi wata muna fama da shi da shebur. Ranar da ruwa ya shigo mata har guɗa suka yi. Da nan muka tsaya, da ba ni da abin rubutawa. Amma mun biya kuɗin mako guda, kuma ba wanda ke son ganin injin a tsaye alhali an sayar da awaki dominsa. Sai muka ce wa direba ya ci gaba. Ya kankare gaɓa, ya faɗaɗa rafin, ya miƙar da kwanar, ya tara lakar a nan bakin ruwa.

Ina tsaye lokacin da ya ɗago babban kututturen giyayyar. Baƙar laka na zuba daga saiwoyinsa, ƙananan kurungu da ’ya’yan tarwaɗa na faɗowa suna birgima a ƙasa, yara na rububin tsinta da kwanuka. A kan ruwan ga kyallin man injin ya bazu. Na waiga na ga Sarkin Ruwa zaune a gindin goruba, bai ce uffan ba, ya tashi ya tafi.

Daminar 2023 ta nuna mana aikinmu. Gaɓar da aka kankare ba ta da saiwar da za ta riƙe ta, ta zabtare ta tafi da rabin lambun kawuna. Lakar da muka tara ruwan sama ya mayar da ita inda aka ɗebo ta. Mutanen garin da ke ƙasa da mu suka turo wakilai, suka ce ruwa ya iso musu da ƙarfi ɗauke da yashi ya binne musu shuka, kuma ba mu ko shawarce su ba. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, domin ni ne mai rubuta takardun gayyata. Masunta suka riƙa dawowa da gorunansu ba nauyi. Kachala kuma, a daidai wurin da aka faɗaɗa ya zama marar zurfi, ta fito fiye da da, don injin ya daddatsa saiwoyinta ya watsa su.

Wuri ɗaya ne ba ta dawo da wuri ba, inda samari suka sare ta da hannu a ƙarƙashin ruwa. Ta ganyen da ke sama take shan iska, idan aka yanke ta ruwa ya rufe kanta na tsawon lokaci, sai ta ruɓe. Da rani na gaba haka muka yi, aikin gayya da lauje da kwale-kwale. Ba aiki ne mai daɗi ba. Ganyen na yanka hannu, matsattsaku na kama ƙafa, ga tsoron tsargiya, shi ya sa muka hana yara shiga. Kafin a fara mun bi rafin da ƙafa, ni da Sarkin Ruwa da mutum biyu daga garin ƙasa. Itacen da ya gitta ya tare ruwa muka ɗaura masa jan ƙyalle a cire, wanda ya kwanta a jikin gaɓa muka wuce shi. Abin da aka kwaso kuma da amalanke aka kai shi can bayan gonaki.

Har yanzu ina musu da masu cewa kada injin ya sake taka mana gari. Toshewar bakin rafi ta fi ƙarfin shebur, babban kogi kuwa sai irin injinan nan masu aiki a cikin ruwa da gwamnatin Jigawa ta sayo. Abin da na ƙi shi ne a biya hayar katafila ta kwana, don shi ya sa muka nemo mata aikin da bai kamata ba.

Itatuwan da aka tsamo duk an faskare su an yi girki, sai wannan kututturen giyayyar da ya gagari gatari. Sarkin Ruwa ya roƙi a mayar masa da shi. Da shanun huɗa biyu da igiya muka ja shi, mu shida muna turawa ta baya, har ya kwanta a jikin gaɓar lambun kawuna.