Yau na rabu da rigar da ke ƙasan akwatina

Asabar, sha ɗaya da rabi na dare.

Yanzu na shigo gida, tun magariba aka ɗauke wuta, da hasken waya nake rubutun nan dan na san in na kwanta ban fitar da abin da ke raina ba to ni da barci sai asuba. Yau na sayar da rigar ƙwallona mai sa hannu, wadda ta shekara goma sha bakwai a ninke cikin leda a ƙasan akwati.

Abin ya faro ne tun da safe. Kwana uku kenan mai shayin majalisarmu bai kafa tebur ba, muna ta cewa ko tafiya ya yi, ashe yarinyarsa ce ba lafiya, 'yar shekara shida, numfashi take da ƙyar in ta ɗan yi gudu leɓenta ya yi baƙi. Likita yace sai an yi hoton zuciya da wasu gwaje-gwaje a fara magani kafin ma a zo maganar aiki. Mutumin nan wallahi bai roƙi kowa ba, ƙaninsa ne ya faɗa wa ɗaya daga cikinmu bayan sallar asuba. Kafin in buɗe shago maganar ta cika guruf ɗinmu na WhatsApp, wannan ya tura dubu biyu wancan dubu biyar, wani yace a rubuta wa gidauniyar Kanu tunda aikinta kenan taimaka wa yara masu ciwon zuciya, ita da Nwankwo Kanu ya kafa a 2000 bayan shi ma an yi masa aikin zuciya a Amurka a 1996. Shawara ce mai kyau kuma za mu rubuta, amma kuɗin hoto da magani na ranar Litinin ne ba na wata mai zuwa ba, abin da aka tara zuwa ƙarfe goma kuma ko rabi bai kai ba.

Ni sana'ata buga suna da lamba a bayan jesi, kullum hannuna cikin rigunan 'yan ƙwallo yake. Ina tsaye ina danna wa wani yaro lamba 7 sai gwanjon nan na Turkiyya ya faɗo min. Lokacin girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 da ta ci mutum sama da dubu hamsin a Turkiyya da Siriya, Merih Demiral, mai tsaron bayan nan ɗan Turkiyya da ke Atalanta a lokacin, ya dinga tuntuɓar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana karɓar rigunansu da sa hannunsu a jiki, ya fara da ta Ronaldo, sai Dybala da Bonucci, can sai ga Haaland da Kane da Messi da Mbappe da Neymar, aka yi gwanjonsu kuɗin ya tafi ƙungiyar agaji ta Ahbap. Na bi labarin sosai a lokacin saboda Christian Atsu na Ghana, shi da ya ci wa ƙungiyar Hatayspor ta Turkiyya ƙwallo a mintin ƙarshe ranar Lahadi, kafin gari ya waye gini ya rufta da shi, sai 18 ga wata aka samu gawarsa. Mutumin da aka sani da biya wa fursunoni kuɗin tarar da kotu ta ci su a Ghana su koma gida. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Sai nace a raina to ai ni ma ina da riga.

Ba ta wani babban tauraro ba ce da duniya ta sani. Ɗan wasan gida ne, mai tsaron baya, bai taɓa fita Turai ba. Ina da shekara goma sha huɗu lokacin, an tashi wasa a filin Sani Abacha, an yi rashin nasara ma ranar mutane na ta zage-zage, ni kuma na kutsa har bakin mota da rigata ta gwanjo da biron makaranta. Duk suka wuce kai a ƙasa, ban ga laifinsu ba. Shi ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota sai ya juyo ya sauko, yace ƙanena ya sunanka, na faɗa masa, yace kana zuwa makaranta ko, nace eh, yace juya. Ya dafa bayana ya rubuta sunana, ya sa hannu a ƙasa, biron yana ta yankewa sai da ya maimaita sau biyu, direba na ta danna hon. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Ranar da ƙafa na taka har gida ina tafiya a hankali kar gumi ya goge rubutun, Inna ta so ta wanke ta washegari na saka mata kuka.

Da azahar na rufe shago na je gida na ɗauko ta. Ɗan yayata yana tsakar gida, shi ne yanzu yake kusan shekarun da nake a lokacin, yace Kawu ina za ka kai ta, na faɗa masa. Ya yi shiru sannan yace ni da tawa ce ko kyauta ba wanda zai karɓa. Na gane inda ya nufa. Watannin baya wani babban ɗan wasa ya zo gari wani taro, yaron nan tun ƙarfe tara ya je ya tsaya a rana da rigar da ni na buga masa sunan mutumin a baya, da sabon alƙalamin maka da ya saya da kuɗin tara nasa na makaranta, har bayan la'asar. Da mutumin ya fito abin sauraron kiɗa a kunne, baƙin gilashi a ido, ko ɗaga hannu bai yi ba, masu tsaronsa suka ture yara ya shige mota. A cikin zauren kuwa an ce ya tsaya ya yi hoto da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya dawo ya miƙo min rigar yace in cire sunan, nace masa in aka ɓare bugun nan tabonsa baya fita, yace ko da tabon. Na cire masa. Har yanzu in ka ɗaga ta a rana kana ganin inuwar haruffan.

Wannan abin yana damuna gaskiya kuma yau ya ƙara damuna. Dan in ka duba me ya sa riga take kuɗi? Yadi ne fa da zare, ni na san farashin sarinta. Rigunan Messi guda shida da ya saka a kofin duniya na Katar 2022, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjonsu a Disambar 2023 aka saye su dala miliyan 7.8, wani kaso ya tafi asibitin yara na Sant Joan de Déu da ke Barcelona saboda masu cututtukan da ba a cika samu ba. Ta Maradona ta wasan Ingila na 1986 fam miliyan 7.1 aka saye ta a 2022, ita kam ba ma ta agaji ba ce. Attajirin da ya zuba wannan kuɗin ba yadi ya saya ba, son da miliyoyin yara irin ɗan yayata suke wa mutumin ya saya, su da suke biyan kuɗin gidan kallo su zauna kan benci cikin zafi. Su suka sa wa sa hannun daraja, amma in an zo rabon sa hannun su ne a bayan shinge.

Kuma mutum ɗaya sai ya nuna maka fuska biyu. Ronaldo a 2017 ya ba da kwafin kyautarsa ta Ballon d'Or ta 2013 aka yi gwanjonta a Landan sama da fam dubu 500, kuɗin ya je Make-A-Wish masu cika wa yara marasa lafiya burinsu, wannan alheri ne babba ba mai ja. Shi ɗin ne dai a Afrilun 2022 bayan Everton ta ci Man United ɗaya da nema a Goodison Park ya doke wayar wani yaro ɗan shekara 14 daga hannunsa, ya ba da haƙuri daga baya, hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tarar fam dubu 50 ta dakatar da shi wasa biyu. Ina son wasansa tun ina yaro amma ranar na ji kunya kamar ni na yi.

Ba wai ban san nasu uzurin ba. Akwai 'yan kasuwa da ke tura yara da riguna goma-goma a sa musu hannu da yamma su ɗora a intanet suna sayarwa, ga na jabu da suka cika kasuwa, har hukumar binciken laifuka ta FBI sai da ta yi wani babban samame a Amurka wajen 2000 kan masu ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa. Ƙungiyar Ajax ta Holland ma a 2022 hana shiga fili ta yi da kwalayen nan da ake rubuta a ba ni rigarka, dan abin ya yi yawa ɗan wasa ba zai iya ba kowa ba in ya wuce kuma a ce girman kai. Na yarda da duk wannan. Mutum ya gaji, an ci su, ƙafa na ciwo. Amma ɗaga hannu fa? Kallon yaro a ido ka ce sannu? Nawa mutumin ma an ci su ranar.

Bayan isha'i aka hallara a majalisa, wajen mutum talatin har da waɗanda ba sa zama da mu, dan na sa hoton rigar a sitatus tun la'asar. Kafin a fara wani abokinmu ya ja ni gefe yace bari ni da wane mu dinga ƙara kuɗi muna zuga Alhaji mai kayan gini, tunda muna da labarin yana so, ai taimako ne. Malam na kusa ya ji, yace a'a ɗana, wannan shi ne najashi, ka ƙara farashi ba da niyyar saye ba dan wani ya afka, Annabi (SAW) ya hana, kuma ba a neman lafiyar yarinya da yaudara. Yace gwanjon kansa ba laifi, ya kawo hadisin Anas na mutumin Madina da ya zo roƙo, aka ce ya kawo abin da ke gidansa ya kawo shimfiɗa da ƙwarya, aka ce wa zai saya wani ya taya dirhami ɗaya, aka ce wa zai ƙara wani ya ba da biyu aka sallama masa. Ban taɓa haɗa hadisin nan da abin da su Demiral suka yi ba sai yau. Abokin namu yace Allah ya gafarta Malam na tuba, aka wuce wajen.

Mai gidan kallo ne ya zama ɗan gwanjo, ya hau benci ya ɗaga riga a hasken fitilar mai shago. Wani ɗan a-daidaita ya taya dubu biyar. Aka tafi goma, sha biyar, ashirin. Abin da ya ba ni mamaki, tsakanin tayi da tayi sai hira ta ɓarke, dattawa suka fara tuno mutumin, wannan yace ai shi ne ya buga wasa da ɗaurin kai jini na zuba, wancan yace ya taɓa rage masa hanya a mota ana ruwan sama, wani yace har jana'izar mahaifinsa ya zo kuma ba abin da ya haɗa su sai gaisuwar bakin fili. Ashe ba ni kaɗai ya tsaya wa ba. Samarin da ba su taɓa ganin wasansa ba suka yi tsit suna ji, ɗan yayata na tsugune gefena. Daga dubu tamanin aka bar Alhaji da wani mai sayar da waya, suka yi ta ja, mai waya ya tsaya a ɗari da saba'in yace Alhaji na bar maka, Alhaji yace ɗari da tamanin da biyar. Mai gidan kallo ya kalle ni, nace na sallama.

Nan take ya tura, alat ya shigo wayar ƙanin mai shayi kowa ya gani. Mai waya yace tunda ya riga ya cire rai da kuɗin ga dubu talatin, ɗan a-daidaitan nan ma ya ajiye dubu biyar ɗinsa da ya fara tayawa. Da na safe da na dare an haura abin da ake nema na Litinin har da ragowar kuɗin mota. Ƙanin ya kasa magana sai hawaye, Malam ya yi addu'a aka shafa.

Alhaji ya ninke rigar da kansa ya mayar cikin ledata, yace ɗana zan sa ta a gilashi in rataye a ofis, duk ranar da kake son ganinta ƙofa a buɗe take. Na yi godiya. Ba zan ɓoye ba da ya sa ta a mota ya ja sai da na ji wani abu ya tokare min ƙirji, sunana ne fa a jiki da rubutun mutumin. Ban yi nadama ba ko kaɗan, amma na ji zafi, duka biyun suna nan tare.

A hanyar dawowa ɗan yayata yace Kawu mutumin yana raye? Nace yana nan, an ce yana koyar da yara ƙwallo a unguwarsu. Yace ka kai ni. Nace sai mun nemi lambarsa tukun, ina so ma ya ji abin da bironsa mai yankewa ya yi yau. Mai gidan kallo yace ya san wanda ya san shi, gobe zai tambaya.

Litinin ƙarfe bakwai ni zan raka su asibiti, sai in bar wa yaron shago makulli, akwai jesi goma sha takwas na wata ƙungiyar unguwa da ban buga wa lamba ba kuma wasansu Laraba ne. Caji na saura kashi huɗu. Allah ya ba yarinyar nan lafiya.