Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Kai Rijiyoyin Rigasa Jihar Taraba

A kashin makon jiya na tsaya da labarin a inda na samu aiki, bayan gama bautar ƙasa, a wani ɗan ofis da ke saman bene kan titin Ahmadu Bello a Kaduna. Kwangilar da ke hannun ofishin lokacin ita ce zana taswirar rijiyoyin burtsatse a ƙananan hukumomin Igabi, Chikun da Kajuru. Ma'aikata su shiga ƙauye da na'urar GPS ko waya, su rubuto lambobin wurin, ni kuma in sa kwamfuta ta karanta ta ɗora kowace rijiya a mazauninta.

Da jin haka sai ka ce aikin yini ɗaya ne. Ni ma haka na ce, har sai da na buɗe fayil ɗin Excel. Wani ya rubuta 10°31′ N, 7°26′ E. Wani ya rubuta 10.5167 da 7.4333, wanda wuri guda ne da na farko, an dai narkar da mintocin cikin digiri. Akwai mai sa ƙaramin harafin "o" a madadin alamar digiri, akwai mai sa waƙafi a wurin ɗigo. Wani dattijon mai safiyo ma nasa a mitoci suke, tsarin UTM shiyya ta 32, kuma a kan ma'aunin Minna na da, ba WGS84 da wayoyinmu ke aiki da shi ba.

Ga wanda bai saba ba: digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, kamar agogo. A ƙasa kuwa, digiri ɗaya na latitud, wato awon arewa da kudu, ya kai kusan kilomita 111, sakan ɗaya wajen mita 31. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na yi kwana uku ina fama da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ana ɗauke wuta ana kawowa. Abin da na fito da shi layi ne guda na rejeks (jerin alamomin da ke koya wa kwamfuta gane siffar rubutu), dogo, sai ka yi ta jan allo zuwa dama kafin ka ga ƙarshensa. Ƙarƙashinsa kuma sharaɗin "idan" a cikin "idan" har hawa shida. Sunayen da na ba abubuwa su ne a, b, b2 da x, don a ganina ƙwararre ba ya ɓata lokaci kan dogon suna. Duk abin da ka jefa wa manhajar nan sai ta haɗiye ta fito da lamba, ba ta taɓa cewa ba ta gane ba. Oga ya dafa kafaɗata ya ce yaron nan akwai kai. Ranar har tsire na saya wa 'yan gidanmu.

Bayan wata uku aka zauna taro, aka haska taswira a bango. Wani injiniya mai furfura ya gyara tabarau, ya nuna wasu ɗigogi can ƙasa ta dama, ya ce, "Ɗana, yaushe aka mayar da Rigasa Taraba ba mu ji a rediyo ba?"

Aka yi dariya, ni kuwa zufa ta karyo mini. Ashe wani fayil da aka turo mana a tsarin GeoJSON yake, shi kuma lonjitud, awon gabas da yamma, yake fara sawa, saɓanin Google Maps da ke fara da latitud. Manhajata ta ɗauki 7.4 a matsayin arewa, 10.5 a matsayin gabas. Na ɗan sa mata shinge, wai ta duba ko wurin yana cikin Najeriya. To ai Taraba ma Najeriya ce.

Wannan mai sauƙi ne, tunda ido ya gani. Wanda ya hana ni barci shi ne na biyun. Wani ma'aikaci yana rubuta 10.31 alhali yana nufin digiri 10 da minti 31. Manhajar ta karɓa yadda yake, rijiya ta zame kusan kilomita 23 kudu, ta zauna a dajin da ba kowa, cikin jihar Kaduna, ba wanda zai yi zargin komai. Da an tura masu gyara da babur, da sai dai su yi ta tambayar makiyaya.

Da daddare na buɗe kod ɗin, wato rubutun manhajar, in gyara. Wallahi kamar wani ne ya rubuta. Na taɓa alamar baka guda a rejeks ɗin, masu "o" suka daina shiga. Na mayar, masu waƙafi suka lalace. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, ni kuwa nawa rijiyoyin sun fi ɗari.

Washegari Oga bai yi faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Akwai wata ɗaliba daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke koyon aiki a wurinmu, ya ce in zauna in karanta mata kod ɗin da baki, layi bayan layi. Ba mu yi nisa ba ta ce, "Yaya, wannan b2 ɗin mene ne bambancinsa da b?" Na yi shiru. Ta jira. Na ce mu wuce. Ta ce, "To in mun wuce, Yaya, wa za mu tambaya?"

Tare muka rushe shi. Da farko na wuce gona da iri, na yayyanka shi gida ashirin, kowane guntu yana kiran wani, har ta ce yanzu kuma na mayar da shi lungunan Kasuwar Barci, ka shiga ka rasa ƙofar fita. Gaskiya ta faɗa, yawan yanka ma wata wahalar ce. A ƙarshe muka tsaya kan huɗu. Na farko ya share rubutun, ya mayar da "o" da waƙafi yadda ya kamata. Na biyu ya tantance wane tsari ne, kowane tsari da nasa ɗan gajeren rejeks da misali a samansa. Na uku lissafi kawai, minti a raba da 60, sakan da 3600. Na huɗu ya duba iyaka, wannan karon ta jihar Kaduna: arewa tsakanin digiri 9 da 12, gabas tsakanin 6 da 9. Da wannan shingen, Taraba ba ta da hanyar shigowa. Shi kuma b2 ya samu sunan yanka: mintin_lonjitud.

Kod ɗin ya ninka tsawonsa na da sau uku, abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma ɗalibar nan ta ƙara tsarin dattijo mai UTM ita kaɗai, ina can wajen sallar azahar.

Canjin da ya fi tayar da ƙura shi ne mun koya wa manhajar ƙin amsa. Duk layin da zai iya ɗaukar ma'ana biyu, sai ta ware shi gefe ta rubuta dalili. Oga ya ga layi arba'in da wani abu a ware, ya ce da can ai komai shiga yake yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, shiga yake yi, amma ba mu san inda yake sauka ba." Domin 10.31 duka fassararsa biyu a cikin Kaduna suke, babu dabarar da za ta raba gardamar, sai wanda ya rubuta.

Na kira shi a waya. Ya ce shi ɗigo yake sawa saboda bai san inda alamar digiri take a wayarsa ba. Na yi hamdala, na ce shi ke nan, duk nasa minti ne. Sai ya ƙara da cewa ai rabin takardar yaronsa ne ya cika, shi kuma daga Google Maps yake kwafowa, kuma bai tuna wa ya rubuta wanne ba.

Haka Oga ya miƙo mini na'urar GPS da kuɗin mota, ya ce Litinin in kama hanyar Kajuru. Abin da na tarar a rijiya ta farko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.