Sulken da na yi wa tsohuwar kat-kat

Aikina na yau da kullum walda ne: ƙofofi, tagogi, gadaje, wani lokaci amalanken shanu. Rumfata tana nan Zinder, ba nisa da Kasuwar Dole. A wannan sana'a, idan mai kaya ya ɗaga ƙofa ya ji ta yi nauyi, sai ya ce an yi masa aikin kirki. Da wannan tunanin na shiga ƙarƙashin motar Alhaji, tunanin nan ne kuma ya kunyata ni.

Motar kat-kat ce, wato mai ja da taya huɗu, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, samfurin 75, da injin 1HZ mai silinda shida, lita 4.2, mai shan gazuwal, wato man dizal. Toyota ta fara yin wannan injin a 1990, shi kuma samfurin 75 an daina ƙera shi a 1999, to ka ga ba yarinya ba ce. Ta yi shekaru a ajiye a gindin bedi, awaki sun mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana. Alhaji fataucin dabbobi yake yi, yana cin kasuwannin Damargu da na wajen Tesker, inda kwalta ba ta kai ba. Abin da ya sa aka jingine ta tun farko, kututture ne ya lanƙwasa mata sandar sitiyari, a wata tafiyar kuma dutse ya fasa bwat ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Saboda haka da ya yi niyyar tada ta, ya ba makanike inji da giya, ni kuma ya ce: "Ƙarfe nake so ka yi mata, wanda ko dutsen Birni ta hau ba abin da zai same ta."

Gyaran tsatsa bai ba ni wahala ba, na yanke ruɓaɓɓen wuri a gindin batir da ƙasan bodi na yi faci. Sulken ne labari.

Na tafi wurin masu tsofaffin ƙarafa na zaɓo tol, wato fallen ƙarfe, mai kaurin mili 10. Na yanka biyu, ɗaya a gaba ƙarƙashin radiyata don ya tare sandunan sitiyari, ɗaya babba a tsakiya ƙarƙashin giya da bwat. Na haɗa kariyar gaba da bututu mafi kauri da na samu, na toshe tsakiyarta da wani tol ɗin don kada ƙaho ko reshe ya soki radiyata. Duka na manna su da walda a jikin shasi, dama da hagu, na bi layi har sau biyu. Yarana uku ne suka tallafe babban tol ɗin da jak kafin in ɗiga masa wuta. Ban auna nauyinsa ba a lokacin. Daga baya na yi lissafi: murabba'in mita ɗaya na tol mai mili 10 ya kai kilo 78, na mili 4 kuwa kilo 31 ne. Idan ka haɗa da kariyar gaba, kamar na ɗaura mata buhunan gero biyu ne a hanci, waɗanda ba za a taɓa sauke su ba.

Direban Alhaji dattijo ne, Baba muke ce masa, ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas. Ya zo ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa tol ɗin da ɗan makulli. Bai ce uffan ba sai "Sannu da aiki, yaro." Na ɗauka yabo ne.

Ranar gwaji na shiga gaba kusa da shi. Muka kama hanyar Tanut, muka wuce matatar mai ta SORAZ, sannan muka sauka daga kwalta muka shiga daji. Lokacin kaka ne, ciyawa ta bushe. Tun a kan kwalta na ga yana kokawa da sitiyari. Samfurin 75 lam gare shi gaba da baya, abin da mutanen Kano ke cewa sifirin, kuma na gaban sun tsufa. Nauyin da na ɗora ya kwantar da su har sun kusa miƙewa, duk ramin da muka faɗa sai ka ji gaban ya buga ƙasa, kwam. Da muka shiga yashin wani kori, hancin motar ya nutse, tol ɗin gaba ya zama garma yana tura rairayi. Muka sauka muka rage iskar tayoyi, muka haƙa da hannu. Muna fita, allurar zafi ta fara hawa, don na toshe wa radiyata hanyar shan iska da hannuna.

Ba a jima ba Baba ya taka birki ya kashe mota. Ya ce: "Ka ji ƙauri?" Ni ban ji ba. Muka leƙa ƙasa, sai ga babban tol ɗin nan cike da yashi da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa, sun cushe tsakaninsa da salansa, gefe ɗaya ya yi baƙi yana hayaƙi. Ban bar ko rami ɗaya da abin da ya shiga zai fita ba. Da sanda da yatsu muka riƙa zaƙulo ciyawar, ƙarangiya tana cin hannuna, ga jarkokin gazuwal a baya. Gobarar daji a wannan yanki ba abin wasa ba ce, makiyaya ba sa yafe wa wanda ya ƙone musu kiwon shekara.

Da muka dawo na shiga ƙasa da tocila, na ga abin da ya fi wannan ciwo: tsaga siririya kamar gashi a jikin shasi, daidai bakin waldata. Waldar kanta lafiya lau take. Gefenta ne ya tsage.

A nan ne Baba ya yi magana, yana zaune a kan benci yana cin goro. Ya ce: "Ɗana, ka taɓa taɓa lifidin dokin Sarki ranar hawan Salla? Auduga ce a ciki. Da maƙeran Damagaram sun ga dama da ƙarfe za su lulluɓe doki, mutanen da suka zuba igwa zamanin Sarki Tanimun. Amma doki gudu ake so ya yi." Ya tashi ya sa na ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, ya nuna mini yadda shasi ke murɗewa kaɗan, gaba ya karkata, baya yana nan. Haka aka yi shi, yana murɗawa yana komawa duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Ni kuma na zo na ɗaure hannayensa biyu da tol ɗin da ba ya motsi, murɗawar ta rasa inda za ta bi sai ta taru a bakin walda, inda zafin wuta ya riga ya canza ƙarfen. Ƙofa ba ta murɗewa, shi ya sa shekarun da na yi ina walda ba su koya mini wannan ba.

Kwana biyu na yi ina yanke aikina da injin gurza. Ba abin da ya kai wannan ɗaci, ga kuɗin faifan yanka daga aljihuna. Alhaji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Kasuwar Alhamis biyu na ba ka."

Tsagar na fara gyarawa. Na huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, na gurza ta ta yi kwari, na cire kan batir, na cike da baget, wato sandar walda, mai lamba 7018 maimakon 6013 da muke yin ƙofofi da shi. 7018 ba ya son danshi, sai ka gasa shi kafin aiki, kuma yana son wuta mai ƙarfi. Da rana wutarmu rauni gare ta, don haka bayan sallar asuba na yi. Na ɗora faci mai tsini gaba da baya, yadda ba layin waldar da zai yanke shasi a tsaye.

Sabon sulken da kwali na fara shi. Na kwanta a ƙasa ina yanka kwalin taliya da almakashi, ina lanƙwasawa, har ya zauna, sannan na zana shi a kan tol mai mili 4. Yarana dariya suka yi ta yi, wai maigida ya koma tela. Ƙarfin siririn tol a lanƙwasa yake: ka naɗe gefunansa, ka yi masa ƙashin baya biyu, sai ka hau kansa ka yi tsalle bai motsa ba. Ban sake kai wuta jikin shasi ba. Na nemi ramukan da kamfani ya riga ya huda na ɗaure da bulon, wato ƙusoshi masu noti, masu lamba 8.8 a ka, na tsawaita ramukan gefe ɗaya kaɗan don shasi ya samu wurin motsi. Kowane kan bulon da ke kallon ƙasa na zagaye shi da guntun bututu, don idan dutse ya goge kan, ba makullin da zai sake kama shi. Na bar tazarar yatsu biyu tsakanin tol da bwat, domin inji da giya a kan roba suke zaune, suna rawa. Na huda manyan ramuka na zubar yashi, da ɗaya daidai wurin juye mai, wanda a aikin farko na manta da shi sam. Da makanike ya zage ni har gida. Gefen salansa na bar shi a buɗe. Kariyar gaba na rage ta, tsakiyarta na sa raga.

Alhaji da ya gani bai ji daɗi ba. Ya ɗaga tol ɗin da hannu ɗaya ya dube ni: "Wannan faranti zan biya?" Baba ne ya ce a bar shi a gani.

Bayan damina motar ta dawo rumfata. Tol ɗin tsakiya ya lotsa, lotsawar ta kai girman ƙwaryar fura, wai dutse ne a ɓoye cikin ciyawa a hanyar Gure. Na shafa bwat da hannu, ko ɗigon mai babu. Na haska shasi, facin yana nan yadda na bar shi. Na kwance bulon shida, yaro ɗaya ya jawo tol ɗin, muka ɗora a kan guntun dogo muka buga da guduma har ya miƙe, muka mayar. Kafin shayin Baba ya kai zagaye na biyu mun gama.

Ya miƙo mini kofi ya ce: "Na tankin mai fa, yaushe za ka yanka kwalinsa?"