Idan kamfani ya gama cin kasuwar wasa, ya buɗe wa jama'a injinsa

A ranar 23 ga Disamba, 1997, kamfanin id Software da ke jihar Texas a Amurka ya saki tushen manhajar wasan kwamfuta mai suna Doom, wato ainihin rubutun da masu tsara wasan suka yi da hannunsu kafin a juya shi zuwa abin da kwamfuta kaɗai ke iya karantawa. Wasan ya fito ne a Disamban 1993, saboda haka shekara huɗu kawai ya yi a kasuwa lokacin da John Carmack, babban mai tsara injin wasan, da abokan aikinsa suka miƙa sirrinsa ga duk mai so. Da farko an gindaya sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi, amma a 1999 aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, muddin shi ma zai bar gyaran da ya yi a buɗe. Ina ganin wannan mataki ya cancanci zama al'ada ga duk kamfanin da wasansa ya tsufa, kuma mu da muke zaune a Yamai da tsofaffin na'urori da intanet mai tsada mun fi kowa buƙatar hakan.

Tun kafin a saki tushen akwai masu yi wa Doom kwaskwarima, domin an gina shi ne ta yadda hotuna da sauti da taswirorin filin wasa suke cikin fayil daban da ake kira WAD, injin da ke tafiyar da su kuma yana gefe guda. Mutane sun ƙirƙiri dubban sabbin filaye, har wani mai suna Greg Lewis ya fitar da manhajar DeHackEd a 1994 da ke taɓa wasu lambobi a cikin injin, kamar ƙarfin makami ko saurin dodo. Sai dai akwai katangar da babu mai iya tsallakewa. Injin na asali ba ya iya zana shimfiɗun ƙasa da rufi fiye da 128 a kallo ɗaya, kuma idan mai zanen taswira ya gina babban fili mai matakala da yawa har ya zarce wannan adadi, nan take wasan zai mutu ya mayar da shi baƙin allo. Mai fasaha yana da abin da yake son ginawa a ransa, amma dole ya rage ɗakuna, ya toshe tagogi, ya karkata lunguna, duk don gudun wata lamba ɗaya da ba shi da ikon taɓawa.

Da aka buɗe tushen, ba a yi shekara ba wata ƙungiyar masu sha'awa da ake kira TeamTNT ta fitar da Boom, wani gyararren injin Doom, a 1998, wanda ya kawar da wannan iyaka da wasu irinta, ya kuma ƙara abubuwan da babu su a da, kamar ƙasa mai tafiya da mutum, da santsi, da iska mai turawa. Haka nan an samu ZDoom da GZDoom, waɗanda suka ba masu kwaskwarima damar rubuta sabbin dokokin wasa gaba ɗaya, aka kuma samu Chocolate Doom a 2005, wanda ya bi akasin wannan hanya, ya tsaya kan adana wasan daidai yadda yake a 1993, har da kurakuransa, amma a kan kwamfutar zamani. Ga masu son sabon abu, ga masu son tarihi, kuma tushe ɗaya ya ishe su duka ba tare da kamfanin ya biya kowa albashi ba. Wannan ne amfanin da ya fi girma a ganina: wasan ya daina dogara da ran kamfanin da ya haife shi.

Abin ya yi kama da tsohuwar mota a hannun makanikan garinmu. Motar da masu ƙera ta suka manta da ita tun tuni tana nan tana ɗaukar fasinja tsakanin Yamai da Doso saboda ana iya buɗe murfin injinta, a ga abin da ya lalace, a ƙera madadinsa. Da an like murfin nan da walda tun daga masana'anta, da ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye ita ce ranar ƙarshe ga motar. Haka manhajar da aka rufe tushenta take, kuma wasanni da yawa sun mutu ta wannan hanya. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Lokacin da aka rufe GameSpy a 2014, wasanni masu yawa da suka dogara da shi wajen haɗa ƴan wasa ta intanet sun wayi gari babu hanyar haɗuwa, sai waɗanda masoyansu suka yi ta fama har suka gina wata hanyar da kansu.

Wani lokaci ma tushen yana ɓacewa daga hannun mai shi. Jordan Mechner, wanda ya tsara Prince of Persia na 1989, ya daɗe yana zaton tushen wasan ya salwanta, sai a 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali na tsofaffin kaya, a ciki aka tarar da faya-fayan. Da aka samu aka kwafo abin da ke cikinsu, ya ɗora shi a GitHub, shafin intanet da ake ajiye tushen manhajoji. Abin da ke hannun mutum dubu ba ya ɓacewa saboda kwali ɗaya ya jiƙe.

A nan gida kuwa, maganar ta wuce adana tarihi. Yawancin kwamfutocin da matasanmu ke samu na hannu ne, irin waɗanda ake saye a Katako ko wajen masu gyara, kuma sabon wasa na zamani yana iya cin gigabait hamsin ko ɗari, abin da zai cinye jikkuna masu yawa na kuɗin intanet kafin ma a gano cewa na'urar ba za ta iya ɗaukarsa ba. Tushen Doom kuwa bai kai girman hoto ɗaya mai kyau da ake ɗauka da salula ba, ana iya tura shi daga waya zuwa waya a fada ana shan shayi, kuma yana tafiya a kan kusan kowace na'ura.

Na ga amfanin wannan da idona a wajen ɗan yayata da ke karatun kimiyyar kwamfuta. Yana cikin duba fayilolin tushen Doom ya ci karo da guda biyu, d_englsh.h da d_french.h, inda aka jera duk saƙonnin da wasan ke nuna wa mai wasa, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci. Ya kira ni ya ce, "Kawu, zo ka gani, ashe duk maganar wasan a wuri ɗaya take, kuma babu abin da zai hana a yi ta Hausa." Ya zauna ya juya saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa manhajar, ya kunna. Sai ga rubutu ya fito da giɓi a duk inda ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ, domin haruffan Doom ƙananan hotuna ne da aka zana ɗaya-ɗaya, kuma injin ya san iyakar jerin da aka ba shi ne kawai. Da rufaffen wasa ne, nan maganar za ta tsaya. Shi kuwa sai ya bi sawun matsalar har wurin da aka ƙayyade farkon jerin haruffan da ƙarshensa, ya faɗaɗa shi, ya zana haruffan masu lanƙwasa ɗigo bayan ɗigo, har saƙon ɗaukar makulli ya fito da Hausa ingantacciya a saman allo. Abin da ya koya a wannan aiki game da harshen C da aka rubuta wasan da shi, da yadda kwamfuta ke adana rubutu, ban taɓa ganin darasin allo ya cusa masa irinsa ba.

Babu wani kamfani a Amurka ko Japan da zai kashe kuɗinsa ya fassara wasan 1993 zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, kuma ba na ganin laifinsu, domin lissafin riba ba zai ba su ba. Abin da nake nema a wurinsu shi ne su bar ƙofa a buɗe ga wanda zai yi aikin don ƙauna.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a gyara, domin shi ne ke tsorata kamfanoni kuma shi ne ke ruɗar matasa. Sakin tushe ba ya nufin wasan ya zama kyauta. Injin ne aka saki, amma hotuna da kiɗa da taswirori suna nan a matsayin mallakar kamfanin, kuma wanda yake son buga Doom na asali a kan GZDoom sai ya sayi fayil ɗin WAD. Shi ya sa wasu masu sa kai suka kafa aikin Freedoom, inda suka zana nasu hotuna da filaye daga farko don kowa ya samu abin ɗorawa a kan injin ba tare da cin haƙƙin kowa ba. Kamfanin kuma bai yi asara ba, hasali ma ana ci gaba da sayar da Doom har yau, kuma sabon bugun da aka fitar a 2024 yana karɓar filayen da aka gina bisa tsarin Boom, wato kamfanin ya dawo yana cin moriyar aikin da masoya suka yi masa kyauta. Wanda ya san cewa Team Fortress ya faro ne a 1996 a matsayin kwaskwarimar Quake, Counter-Strike kuma a 1999 a matsayin kwaskwarimar Half-Life, ya san cewa masu kwaskwarima ba ɓarayin kasuwa ba ne, su ne ma suke haifar da sabuwa.

Wasu sun bi sahu. An saki tushen Quake a 1999, na Quake III Arena a 2005, na FreeSpace 2 a 2002, na Warzone 2100 a 2004, kuma wannan na ƙarshe har yanzu masu sa kai suna fitar da sabbin bugunsa. A Fabrairun 2025 kamfanin Electronic Arts ya saki tushen wasanni da dama na jerin Command & Conquer, har da Generals, ƙarƙashin GPL. Wasu kuma sun zaɓi kotu: a 2021 kamfanin Take-Two ya shigar da ƙarar waɗanda suka sake gano tushen Grand Theft Auto III da Vice City da kansu, aikin ya tsaya, duk da cewa sai mutum ya mallaki wasan na asali kafin ya amfana da shi.

Ba zan ce sakin tushe aiki ne mai sauƙi ba, domin sau da yawa akwai guntayen manhajar wasu a cikin wasa waɗanda kamfanin ba shi da ikon bayarwa. Doom kansa ya gamu da wannan, shi ya sa tushen da aka saki a 1997 na kwamfutoci masu tsarin Linux ne, saboda ɓangaren sauti na bugun asali, wato na tsarin DOS, na wani ne daban. Haka kuma kafin a saki tushen Doom 3 a 2011 sai da Carmack ya sake rubuta wani sashe na zanen inuwa saboda haƙƙin ƙirƙira da kamfanin Creative ke riƙe da shi. A lokutan biyu an cire abin da ba a iya bayarwa aka saki saura, kuma a batun Doom masu kwaskwarima sun mayar da shi kan DOS da sabon tsarin sauti cikin ƴan makonni.